Mabuɗin Ƙofar Ruwa da Shanun Arɗo Buba

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya saukar da ruwa, ya ba mu aron ikon juya shi zuwa gonaki na ɗan lokaci.

Samarin da ke taruwa a dakalin ƙofar gidana idan jami'a ta yi hutu, har da ɗana Nura, suna da maganganu biyu da ba sa gajiya da su. Ta farko, wai aikin da na tsufa a cikinsa, buɗe ruwa a kanal, babbar hanyar ruwan noman rani, ba wani aiki ba ne, ka murɗa ƙarfe ruwa ya tafi, ka murɗa ya tsaya. Ta biyu kuma kuka ne. Wai an tura su koyon aikin injiniya ko na likita, sai aka ɗora musu wasu darussa da ake kira na gama-gari, tarihin mutanen ƙasa da gyaran rubutu da tsara tunani, kuma duk wanda ya faɗi ɗaya daga ciki ba zai ga digiri ba. Ni ban taɓa zama a ajin jami'a ba. Amma maganganun nan biyu a wurina labari ɗaya ne, don haka zan ba da shi a haɗe.

Ranar da na fara aiki, a farkon shekarun tamanin, an kai ni wurin Baba Ɗanjuma, shugaban sashenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure. Tsoho ne da aka haƙa kanal ɗin a kan idonsa. Na zaci mabuɗi zai ba ni, wancan ƙarfe mai hannu biyu da ake ɗorawa a kan ƙofar ruwa a murɗa. Sai ya miƙo mini adda da fatanya, ya ce in bi gaɓar kanal a ƙafa har ƙarshenta, in dawo in faɗa masa abin da na gani. Na dawo na ce na ga ruwa da ciyawa. Ya ce in koma gobe. Haka na yi ta komawa har idona ya fara ganin abin da yake so, wato ramin ɓera da ke tsotson ruwa a ɓoye, da wurin da ƙasa ta yi duhu alhali ba a yi ban ruwa ba, da inda ciyawa ta yi kore fiye da 'yan'uwanta. Duk waɗannan alamu ne na gaɓar da ke shirin fashewa. Rami kamar bakin tulu idan ka bar shi da safe, kafin la'asar ya zama ƙofar ɗaki.

Ba ni kaɗai nake koyo ba. Tare aka ɗauke mu da Garba, ɗan gwaggona, taubashina. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, don haka a wasanmu ni ne ubangida, shi bawa, kuma tun muna yara ban bar shi ya manta ba. Bambancinmu ɗaya ne. Ni mahaifina ya ajiye ni a gaban malam har na sauke, na taɓa ƙananan littattafan fiƙihu, hannuna ya faɗa a rubutun ajami. Shi kuwa gwaggo ta bar shi ya yi boko har sakandare. A bakin ruwa wannan bai amfane shi da komai ba. Akwai bututun roba da manoma ke jan ruwa da shi daga kwata zuwa gona, a tsoma shi, a toshe baki ɗaya da tafin hannu, a fizgo shi da sauri ya ɗauki ruwa. Ni a yinin farko na iya. Garba ya yi ta jiƙa rigarsa har mata masu kawo abinci suka sa masa suna.

Abin da ya fi wuya a sana'ar nan shi ne lissafin tafiyar ruwa. Ruwa ba ya zuwa lokacin da ka buɗe shi. Tafiya yake yi kamar tsoho, yana tsayawa yana cika kowane lungu kafin ya wuce. Idan ka buɗe bayan asuba, mutanen kai za su sha tun hantsi, na wutsiya kuwa sai rana ta take. Ka buɗe da yawa, ya haura gaɓa. Ka rage, na wutsiya su kwana da ƙishi. Akwai ma'auni da aka shafa wa fenti a jikin ƙofa, amma laka tana rufe shi, don haka Baba ya koya mini sauraron ƙarar ruwa a ƙarƙashin ƙarfe. Ga kuma mutane. Mai gonar kai kullum gani yake an rage masa, ko da alkamarsa tana iyo. Wani ya aiko maka da kwandon tumatir ba ka roƙa ba, kuma ka san abin da kwandon yake nema. Baba ya ce mu riƙa mayarwa da godiya mai yawa, don kada a ce mun wulaƙanta kyauta. Duk wannan na riƙe. Baba da bakinsa ya sha faɗa a gaban jama'a cewa ni Iro na fi Garba kunnen ruwa.

Sai ga sanarwa daga ofis cewa za a tura ma'aikaci ɗaya jami'a ya karanto injiniyan ban ruwa. Sharaɗin takardar sakandare ce. Ba a tambayi wanda ya iya toshe ramin ɓera ba. Na raka Garba tasha da kekena, akwatinsa a baya, na yi masa addu'a kamar yadda ya kamata, na dawo na ɗauki addata.

Idan ya zo hutu, da wando mai guga yake zuwa bakin kanal ya tsaya nesa da laka.

"Ɗan namiji, har yanzu kana nan kana gadin kwaɗi?"

"Ina nan, ɗan mace. Me aka koya muku bana? Ruwa ya fara hawa tudu ne?"

A nan na fara jin labarin darussan gama-gari, kuma kukansa irin na samarin dakalina ne sak. Ya ce lissafin ruwa ba ya ba shi wahala, shi ne ma kan gaba. Amma an tara su a babban ɗaki, masu koyon likita da masu koyon shari'a da su, ana koya musu yadda ake jera magana a rubuce, da yadda ake gane hujja mai ƙarfi da wadda ba ta tsaya ba, da yadda mutanen kudu ke rabon gona, da yadda masunta da makiyaya ke zaman duniyarsu. Ya ce malaminsu ya faɗa musu cewa jami'a ba ta son ta yaye mutumin da ya san ƙarfe da siminti kaɗai, tana son wanda zai iya bayyana abin da ke ransa, ya auna magana kafin ya karɓa, ya kuma san mutanen da zai yi aiki a cikinsu. Na yi dariya har na riƙe ciki. Na ce an tura shi ɗebo ruwa ya tsaya sauraron tatsuniya. Shi ma haka ya gani, don haka ya daina shiga darasin mutanen ƙasa, ya kuwa faɗi. Duk da lissafinsa, suka ce sai ya maimaita. Da labarin ya iso gida gwaggo ta yi kuka. Ni na je na ba ta haƙuri, kuma a ranar na ci tuwo sosai.

A maimaicin ne aka ba su aiki, kowa ya koma garinsu ya tambayi tsofaffi yadda ake zaune kafin wani babban canji ya zo. Garba ya zaɓi zuwan kanal. Ya gama da dattawan gari, sai ya ce in kai shi rugar Arɗo Buba, wani dattijon Bafulatani da ya daɗe da zama a bayan sashenmu, yana kiwo yana ɗan noma damina. Ni na goya shi a keke. Na zauna a gindin tsamiya ina gyangyaɗi, su kuwa suka yini suna magana. Arɗo yana zana ƙasa da sandarsa, yana nuna masa inda burtali ya bi a da, da inda mashayar shanu take kafin a kawo motocin haƙa. A hanyar dawowa na ce masa idan ya gama digirin sai ya nemi aikin tatsar nono. Wannan karon ya ci jarrabawar.

Shekarar da Garba ya gama ya dawo ofishin Kura, ita ce shekarar da damina ta gaza. Ruwan dam ɗin da ke ba kanal ruwa ya ja baya, rafuka suka ƙafe tun kaka. A shekarar ce kuma Baba Ɗanjuma ya ce ƙafafunsa sun gaji, zai ajiye aiki idan an girbe alkama. Kujerar shugaban sashe za ta zama babu kowa. Baba ya kai sunana. Ofis kuma ga sabon injiniya a zaune ba a ba shi wuri ba. Manaja ya ce zai duba yadda ranin nan zai wuce kafin ya yanke. Kowa a sashen ya san tsakanin mu biyu ne. Ni aka ba riƙon mabuɗi, Garba kuma aka ba shi babur ya riƙa zagayawa.

Ban ji tsoro ba, don ranin ƙarancin ruwa rani ne na mai kunne. Na raba ƙananan rassa gida biyu, wannan ya sha mako guda, wancan ya jira. Na auna yadda alkama ba za ta ji ƙishi ba a lokacin da take ɗaukar ciki, don a nan ne take mutuwa ko ta rayu. Sannan na yi abin da Baba ya koya mana, abin da kowane sashe yake yi tun fara aikin. Ranar Juma'a bayan an sallame, mai shela ya miƙe a ƙofar masallaci ya faɗa wa masu gonaki cewa daga gobe za a rufe reshen yamma. Aka ji, aka yi gunaguni, aka watse.

Da safiyar Asabar ina shafa wa ƙofar reshen yamma giris, na gama murɗe ta, sai ga ƙarar babur. Garba ya sauko, ya gaishe ni, ya dubi kwatar da ta fara nuna laka.

"Iro, an gaya wa Arɗo?"

Na ce Arɗo ba shi da ko kunyar gona ɗaya a cikin aikin, ruwan nan na masu gona ne, su aka yi wa shela. Ya ce ya sani. Amma wutsiyar reshen nan a kan tsohuwar mashayarsu ta zauna, kuma tun da aka haƙa, a nan shanun suke sha da yamma, ba wanda ya hana, ba wanda ya lissafa su. Na ce su tafi rafi. Ya ce wane rafi, bana? Ya ƙara da cewa mutanen ruga ba a masallacinmu suke Juma'a ba, Bunkure suke zuwa, don haka ko shelar ba su ji ba. Idan garke ya iso ya tarar da busasshiyar kwata, ba komawa zai yi ba, ƙanshin ruwa zai bi, kuma tsakaninsa da babban kanal babu komai sai alkamar mutane.

Shekaruna nawa ina ganin sawun shanun nan a laka. Na sha gyara gaɓar da kofatonsu ya zubar, ina faɗa. Ban taɓa sa su cikin masu shan ruwana ba, kuma Baba ma bai taɓa ba.

Garba ya hau babur ya tafi, ya dawo da Arɗo a bayansa, dattijo ya rungume sanda yana salati saboda gargadar hanya. Muka gaisa. Arɗo bai ɗaga murya ba. Ya ce bai zo rigima ba, amma shanu ba sa jin shela, kuma yaransa ba za su iya tare garke mai ƙishi ba. Garba ya juyo gare ni ya ce shi ya san matsalar amma bai san inda za a samo ruwan ba, don abin da ke kanal duk an riga an raba.

A nan aikina ya zo, kuma ina so ku saurara da kyau. Da farko na ce a juya musu rarar da ke fita daga gonaki. Arɗo ya ce wannan ta bi ta cikin tumatir da aka yi wa feshi, ba zai ba dabbarsa ba, kuma gaskiyarsa ce. Sai na tuna abin da na daɗe ina gani. Idan aka kira azahar, manoma sukan cire bututunsu su tafi salla da cin abinci, don kada gona ta cika ba kowa a wurin. A wannan tsakanin ruwan reshen gabas wucewa yake yi kawai ya zube a magudana. Ruwa ne mai tsabta da ba na kowa ba. Akwai kuma wani kududdufi kusa da burtali, inda aka ɗebi ƙasar gina gaɓa. Muka sa fatanya, ni da Garba da yaran Arɗo, muka ja siririyar hanya daga wutsiyar reshen gabas zuwa kududdufin, na danne bakinta da buhunan ƙasa. Kullum da an kira salla sai in ɗage buhu, in yi tawa sallar a kan gaɓa, da na ga manoma sun fara dawowa in mayar. Kafin yamma kududdufi ya tara abin sha. Babu kunyar alkamar da ta rasa ko ɗigo. Wandon Garba mai guga kuwa a ranar ya gama yawo.

A sashen da ke maƙwabtaka da mu an yi shela a masallaci yadda aka saba, ba a kuma yi wata tambaya ba. Kafin mako ya zagayo wani garke ya keta gonaki zuwa babban kanal. Gaɓa ta zube, ruwa ya kwanta a kan alkama mai ciki, aka zaro sanduna, sai da dagaci da dattawan ɓangarorin biyu suka yi ta zama kafin ƙura ta lafa. Mutane da yawa ba su ga girbi ba a shekarar. Mu muka girbe tamu lafiya, alhamdu lillahi.

Bayan girbi manaja ya tara mu a ofis, ya tambayi yadda aka yi sashenmu ya tsira. Ni aka fara ba dama. Na yi bayanin buhu da kududdufi da lokacin azahar. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, amma na fara daga tsakiya, na koma farko, na shiga labarin ramin ɓera, har na ga manaja yana duban agogo. Sai Garba ya miƙe. Ya fara da yadda ƙasar take kafin kanal, ya kawo waɗanda ke shan ruwa ba a san da su ba, ya nuna inda shelar masallaci take tsayawa, ya ce a kowane sashe akwai irin wannan wuri kuma ana iya gano shi kafin rani. Magana tana bin magana kamar an jera tubali. Da ya zo kan ruwan azahar sai ya nuna ni da hannu.

"Wannan ba dabarata ba ce, ranka ya daɗe. Ta Malam Iro ce. Ko shekara goma zan yi ina lissafi ba zan gano ta ba."

Da ya ɓoye sunana, da na sami abin riƙewa a kansa har yau. Bai ɓoye ba.

Aka ba Garba kujerar. Baba Ɗanjuma ya kira ni gidansa ya ce kada in sa abin a rai, hannu nawa ne, amma tambayar ta yaron ce, kuma manaja mai tambaya yake nema. Na ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Washegari na je gaishe da sabon shugaba a gaban ma'aikata, na cire takalmi a ƙofa yadda ake yi wa na gaba. Ya taso da sauri ya riƙe hannuna.

"Haba ubangidana, kai da bawanka?"

"Bawan da ya hau babur ai ya 'yantu," na ce masa. Aka yi dariya, ni ma na yi.

Na yi aiki a ƙarƙashinsa shekaru masu yawa, bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai kuma taɓa murɗa ƙofa ba sai ya tambaye ni. Har gobe na fi shi sanin ruwa, shi ma ba ya musu. Daga wannan rani, duk ranar da za a rufe reshe, bayan shelar masallaci ni nake hawa keke in tafi ruga da kaina. Babur ɗinsa ya daɗe da zama tarkace, kujerar ma wasu sun zauna sun tashi, ba su nake tunawa ba. Wancan yini nake tunawa, a gindin tsamiya. Wuri ɗaya muka je, a keke ɗaya, dattijo ɗaya ya yi magana. Shi an tilasta masa ya saurara, don in bai saurara ba babu digiri. Ni babu wanda ya tilasta mini, sai na yi barci.

Jiya Nura ya sake kawo kukansa, wai darasin tarihin mutanen ƙasa yana cinye masa lokacin lissafi, kuma da ƙarfe takwas na safe ake yin sa. Na ce masa to, tunda ba ya so, ya daure ya riƙa shiga saboda ni. Ya zauna a gaba, ya saurara da kyau, idan an yi hutu ya zo nan dakali ya faɗa mini abin da aka ce, daga farko har ƙarshe. Tawadata ba ta bushe ba, zan rubuta da ajamina. Ya yi dariya, ya zaci wasa nake.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya sa mu gane shi tun yana gabanmu.